Karen Unguwa da Akuyar Titi: Wa Ke da Alhakin Dabbobin Maiduguri?

Da asubahin Talata, 10 ga Satumba, 2024, ruwan madatsar Alau ya shigo Maiduguri. Ya ci Fori da Gwange, ya shiga fadar Shehu da kasuwar Monday Market da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Ana cikin wannan tashin hankali sai shugaban gidan zu na Sanda Kyarimi, Ali Abatcha, ya fitar da sanarwa: fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin gidan sun halaka, kadoji da macizai kuma ruwa ya kwashe su ya shiga da su unguwanni. Bidiyon wata jimina tana kutsawa cikin ruwa a kan titi ya yi ta yawo a wayoyin mutane.

An ce a yi hattara, kuma an yi. Amma magidancin da ya koma gidansa bayan ruwa ya janye, ya ga abu yana motsi a ƙarƙashin laka a kusurwar ɗaki, wa zai kira? Wace lamba? Wane ofis?

Rabon garin da ambaliya irin wannan tun 1994, don haka kada a kan titi abu ne na shekara 30. Tambayar da ta taso a ranar kuwa ta kullum ce. Karya mai jego da ta haihu a ƙarƙashin mataccen tirela, tunkiyar da ke tsallaka Baga Road a gaban Keke Napep, mushen jaki da ya kwana uku a bakin kwalbati, karen da ya ciji yaro ya ɓace: kowanne yana bukatar wanda zai ce nawa ne, da kuma hukumar da za ta zo idan ba a samu mai cewa hakan ba. A Maiduguri duka biyun sun yi ƙaranci.

A takarda dai babu wani duhu. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, a ciki har da sa ido kan ajiye dabbobin gida kowane iri da zirga-zirgarsu, da kula da kwata da kasuwanni, da kwashe shara. Tun kafin nan akwai dokar karnuka ta zamanin Turawa, wadda ta fara aiki a 1943. Ita ta wajabta wa mai kare a garuruwan da aka ayyana ya yanki lasisi ya rataya masa lamba a wuya, ta kuma ba hukuma ikon kama wanda ba shi da lamba. Dokar Penal Code ta Arewa ta tanadi hukunci ga wanda ya zalunci dabba da wanda ya yi sakaci har dabbarsa ta jefa mutane cikin hatsari. A 2022 an sabunta dokar yaƙi da cututtukan dabbobi ta tarayya, wadda ta maye gurbin ta 1988. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da jin yana tafe kan sa a share turke a ɗaure akuya. Yau da wuya a samu mai kare a Bolori ko Bulumkutu da ya taɓa ganin takardar lasisin kare da idonsa, balle ya mallaka.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne garin ba a hannun ƙaramar hukuma ɗaya yake ba. Tsakiyarsa na ƙarƙashin Majalisar Birnin Maiduguri, wadda kowa ke kira MMC, unguwanni masu yawa suna Jere, gefensa kuma ya miƙe har cikin Konduga da Mafa. Asibitocin dabbobi na jiha ne, Sashen Koyon Likitancin Dabbobi da asibitinsa na jami'ar tarayya ne, shara a hannun hukumar muhalli ta jiha, BOSEPA, take, cizo kuma idan ya auku sai a nufi ma'aikatar lafiya. Kowa yana riƙe da ɓangare, babu mai riƙe da igiyar gaba ɗaya.

Sannan yaƙi ya sauya dabbobin garin kamar yadda ya sauya mutanensa. A da, magidancin Maiduguri kan miƙa awakinsa ga makiyayin unguwa da safe, a fita da su bayan gari, a dawo da su kafin magariba. Daga 2009 daji ya fara gagarar makiyayi. Zuwa 2014 mutanen Bama da Gwoza da Dikwa da Marte da Kukawa sun kwararo birni, har hukumomin agaji suka ƙiyasta cewa jama'ar garin sun ninka, daga wajen miliyan 1 zuwa wajen miliyan 2. Wanda ya samu hali ya koro 'yan bisashensa. Wadda ta rasa komai, daga baya ƙungiyoyin agaji irin su FAO sun raba wa irinta awaki don ta farfaɗo. Taimako ne na gaske, sai dai akuya ba ta cin takarda. Harawa da dusa da ƙaiƙayi sun yi tsada, makiyaya ta rufe, sai aka koma kiwon sake a tsakiyar birni.

Kare ma ya samu sabon matsayi. Tsoron dare ya sa masu gareji da gidajen bulo da shagunan katako suka ajiye shi. Masu hali a GRA da Damboa Road suka sayi manyan karnukan waje irin su Alsatian da Rottweiler. Mafarauta, waɗanda da yawansu suka shiga aikin tsaro tare da 'yan Civilian JTF, dama can da karnukansu suke. Ga kuma abinci a yashe ko'ina: bola a bakin kowane layi, jini da kayan ciki a kewayen kwatar Kasuwar Shanu, ragowar kifi da ƙashi a magudanai. Masana sun daɗe da gano cewa abinci da mafaka ne ke yanke yawan karnukan gari. Inda bola ta yi tudu, karya za ta haihu ta raini 'ya'yanta lafiya.

Mafi yawan waɗannan karnuka ba marasa galihu ba ne, kuma nan ne ƙullin maganar. Ga yadda abin ke faruwa a layuka da dama. Yara sun taso daga Islamiyya da la'asar sakaliya, ɗaya ya tsaya leƙen 'yan kwikwiyo a bayan wata tsohuwar mota, uwar ta zabura ta kafa masa haƙori a sha-raɓa. Uban ya je wurin mai garejin.

"Malam, karyarka ta ciji yarona."

"Haba Alhaji, wallahi ba tawa ba ce. Nan dai take kwana, yaran shago ke zuba mata sauran burabusko."

"To an taɓa yi mata allura?"

"Wa zai kai ta, Alhaji?"

Mai garejin ba ƙarya ya yi ba a nasa ganin. Bai saye ta ba, bai raɗa mata suna ba. Amma shekara biyu tana yi masa gadi, haushinta ne ya sa batiran motocin mutane ke kwana lafiya a hannunsa. Wanda ya ci moriyar dabba, ya ciyar da ita, ya bar ta ta yi sheƙa a harabarsa, shi ne mai ita, ko ya amsa sunan ko bai amsa ba. Binciken da aka yi a biranen Afirka da dama ya nuna karnukan da ba su da kowa sam kaɗan ne. Wannan labari ne mai daɗi, domin karen da ke da ƙofar da ya sani ana iya kama shi a yi masa allura.

Dalilin da ya sa allurar ta fi komai muhimmanci shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A Najeriya rubuce-rubucen likitoci sun nuna an fara tabbatar da shi a jikin mutum a 1912, a jikin kare a 1925.

Muguntar cutar a ɓoyonta take. Ƙwayar tana cikin yawun dabbar, ta shiga ta rauni, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Galibi takan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, kuma cizon fuska ko wuya ko yatsu ya fi saurin isa. Kafin nan rauni ya warke, gida an manta. Sai wata rana yaro ya ce tabon yana yi masa zugi ko ƙaiƙayi, zazzaɓi ya biyo baya, ya rasa barci, ya riƙa firgita. A miƙo masa ruwa yana mutuwar ƙishi, maƙogwaronsa ya shaƙe ya ture kofin. Iskar mafici ma ta zame masa azaba. A gidaje da yawa a nan ne ake cewa iska ce ko sammu, a shiga neman ruƙiyya da hayaƙi, cikin 'yan kwanaki a yi jana'iza. Babu asibitin da ya rubuta, babu ƙididdigar da ta ɗauka. Idan alamun suka bayyana, kusan babu mai tashi, a Maiduguri ne ko a Landan.

Shi ma karen ba kullum yake hauka irin na cizon duk abin da ya gani ba. Akwai wanda ke yin shiru, muƙamuƙinsa ya saki, yawu ya yi ta dalala, muryarsa ta sauya. Mai shi sai ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu a bakinsa don ya ciro. Saniya da jaki da akuya da kyanwa duk suna kamuwa idan an cije su, kuma makiyayin da ke ɗura wa saniya mai dalalar yawu magani da hannu yana cikin irin wannan hatsari.

Abin takaicin shi ne tsira tana nan kusa, tun ranar 6 ga Yuli, 1885, da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allurar farko ya rayu. Matakin farko ba ya cin ko sisi: a wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15 cur, a sa aidin idan akwai, kar a ɗaure shi tamau, kar a cusa masa toka ko barkono ko ƙonannen gashin karen kamar yadda ake yi a wasu wurare. Daga nan sai asibiti a ranar, don fara allurai: ranar farko, ta 3, ta 7, a wani tsarin da ƙari daga baya. Rauni mai zurfi yana bukatar wata allura ta musamman da ake yi a kewayen ciwon, ita kuwa ta fi tsada, ta fi wuyar samu. Karen kuma a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, amma ba a jira ƙarshen kwanakin kafin a fara allura. Idan an riga an kashe shi, kar a yar da gawar a kwata, a sanar da likitan dabbobi don a gwada ƙwaƙwalwarsa.

Kuɗi ne ke kayar da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsakaicin kuɗin jinyar bayan cizo a kan dala 108. Mai tura baro ko mai sayar da itace zai yi allura ɗaya, ya ga ciwo ya bushe, ya ce Allah ya kyauta. Ga kuma batun sanyi: allurar ba ta jure zafi, garin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu kuma ya sha zaman duhu mai tsawo bayan da aka fasa turakun layin wutar Damaturu a Janairun 2021. Allurar da ta kwana a firjin da ya mutu ba abin dogaro ba ce, shi ya sa sayenta a kowane kemis ganganci ne. A Yunin 2024 ƙawancen alluran rigakafi na Gavi ya sanar zai fara tallafa wa ƙasashe da allurar bayan cizo, abin da ya kamata Borno ta bi sawunsa da gaske.

Duk lokacin da cizo ya yi yawa a wata unguwa, shawarar da ke fara zuwa bakin mutane ita ce a kashe su duka. Ana iya gane fushin uban da ɗansa ke kwance. Amma an gwada wannan hanya a ƙasashe da dama ba ta kai ko'ina ba. Tsibirin Bali na Indonesiya ya kashe karnuka dubbai bayan ɓarkewar cutar a 2008, ba a ga sauƙi ba sai da aka koma allura. Dalilin a fili yake: an kashe kare, ba a kwashe bola ba, cikin 'yan watanni wasu sun haifu ko sun shigo daga waje sun maye gurbin. Masu karnuka kan ɓoye nasu ko su kai su wata unguwa, cutar ta bi su. Guba kuma ba ta tantancewa, tana cin kyanwa da kaza da angulu, tana iya kaiwa ga yaro mai wasa a ƙasa. Abin da ke aiki shi ne a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, a maimaita duk shekara. Da haka Meziko ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da wannan annoba ta hanyar kare, a 2019.

Ba sai an je Meziko ba. A bi hanyar Dikwa zuwa Gamboru Ngala, a tsallaka Fotokol da Kusiri, ga Injamena, gari mai zafi da ƙura da talauci irin na Maiduguri. A 2012 da 2013 hukumomin Chadi tare da masu bincike na cibiyar Swiss TPH ta Suwizalan suka yi gangamin allura kyauta, unguwa bayan unguwa, aka yi wa karnuka wajen 20,000 a kowace shekara, aka haura kashi 70 cikin 100. A 2014 birnin ya yi wajen wata 9 ba a samu kare ko ɗaya mai cutar ba. Tun kafin nan sun koyi wani darasi: a gwajin kyauta na 2002 an haura kashi 60, amma a 2006 da aka ce mai kare ya biya wani ɓangare na kuɗin, sai adadin ya faɗo zuwa wajen kashi 24. Duk mai shirin mayar da allurar kare hanyar tara kuɗin shiga ya dubi waɗannan lambobi biyu. Allurar ba don karen ake yi ba, don ɗan maƙwabci ake yi, saboda haka aljihun hukuma ya kamata ya biya. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana haɗa allurar a cikin gida, kuma kuɗin yi wa kare ɗaya bai kama ƙafar kuɗin jinyar mutum ɗaya ba.

Akwai mai cewa shi Musulmi ne, ba zai ja kare a titi ba. Wannan uzuri bai da ƙarfi a ƙasar da tsangayu suka cika da littattafan Malikiyya. A wannan mazhaba kowace dabba mai rai jikinta tsarkakakke ne, har da kare, wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau 7 kuma malamai sun ɗauke shi a matsayin bin umarni. An halatta ajiye shi don kiwo da farauta da tsaron gona, an kuma hana ajiye shi haka kawai. Masu sharhin Risala suna kawo labarin cewa shi kansa marubucinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana fargabar farmaki, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu zaki zai ajiye. Mutanen Maiduguri sun fi kowa fahimtar wannan amsa.

Sai dai izinin yana tafe da nauyi. Fiƙihun ya ɗora lamuni a kan mai kare mai cizo idan an gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi, yara ma sun san su. A auna su da karen gadin da ake ɗaurewa da gajeriyar sarƙa a kan siminti a zafin bazara, kaska ta cika masa kunne, kwanon ruwansa a kife, wai don ya ƙara zafin rai. A auna su da yaran da ke bin kwikwiyo da jifa manya na kallo. Karen da aka azabtar shi ne ke cizo ranar da ya kuɓuce. Liman ɗaya da zai ba wannan batu minti 10 a huɗubar Juma'a kafin 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya, zai isar da saƙon inda fosta ba ta kaiwa.

Kyanwa ba ta da wannan matsala ta karɓuwa, kusan kowane gida yana maraba da ita. Tana da amfani ma fiye da yadda ake zato: zazzaɓin Lassa, wanda ya samo sunansa daga garin Lassa na kudancin Borno inda aka gano shi a 1969, ɓera ke yaɗa shi, kuma ajiye kyanwa na cikin matakan tsaftar gida da ake ba da shawara. Ita ma tana bukatar allura, yaƙushinta ko cizonta kuma ba abin rainawa ba ne.

Awaki da tumaki ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi haddasa faɗan maƙwabta. Sun kifar da tiren mai ƙosai, sun cinye gero a shanya, sun gwaguye dashen da aka yi jiya. Garin da ke alfahari da inuwar darbejiyar da aka dasa tun zamanin Turawa yau ba ya iya raya sabon dashe sai an kewaye shi da bulo ko ƙaya. Tun da aka hana babura a 2011 Keke Napep ya cika tituna, mai ƙafa uku kuwa idan ya kauce wa tunkiya da gudu ba wuya ya kife da fasinjoji. Hukuncin da ke cikin Muwaɗɗa, kan raƙumar Bara'u ɗan Azibu da ta yi ɓarna a wani lambu, ya ce masu lambu su tsare abinsu da rana, masu dabba su biya ɓarnar dare. Wasu malaman mazhabar sun ƙara da cewa wannan rangwame na rana na wurin da ke da makiyaya ne, inda babu ita mai dabba ke da lamuni dare da rana. Titin Lagos Street dai ba makiyaya ba ce.

Mai sakin dabbar ma asara yake yi bai sani ba. Mahauta a kwata sun saba da buɗe tumbin tunkiya su ciro dunƙulen leda da igiya da tsumma da ya murɗe ya yi tauri, kuma likitocin dabbobi na Jami'ar Maiduguri sun yi rubutu a kan wannan tun shekaru. Dabbar takan yi ta ramewa ciki a kumbure, a yi ta sayen maganin tsutsa a banza, a ƙarshe a sayar da ita da araha kafin ta mutu. Wanda ke turke ragon Balami don layya ya san bambancin: inuwa, ruwa mai tsafta, harawa a kwami, wanka da sabulu. Ilimin kiwon yana nan a garin, ba a shimfiɗa shi ga sauran bisashe ba ne kawai.

Shin a dawo da kamen dabbobi? A dawo da shi, amma kar a fara da shi. Akuya uku na bazawarar da ta baro Marte su ne bankinta, su ne kuɗin asibitinta da kayan ɗakin 'yarta. Idan aka saki matasa da mota suna kame ba rasit ba rajista, an buɗe ƙofar ƙwace ne da sunan doka. Wurin tsare dabbobi na gaskiya yana bukatar katanga da inuwa da ruwa da abinci, da littafin da ake rubuta kamannin kowace dabba da inda aka kama ta, da tarar da aka sanar a rediyo kowa ya sani, da wa'adin da mai ita zai zo. Kuma akwai tsarin da ya riga wannan: dabbar da ta ɓata ana kai ta ƙofar Bulama, wato mai unguwa, a yi cigiya a masallaci, mai ita ya zo da shaida. Masu sarauta irin su Bulama da Lawan da Aja sun san gidan da ke da kare da gidan da ke sakin awaki fiye da kowane ma'aikaci mai fayil. Gargaɗin da aka yi a gaban Bulama shi ne shaidar da alƙali zai nema idan ɓarna ta sake aukuwa.

Ƙananan hukumomi sun daɗe suna kukan rashin kuɗi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, a watan ne kuma aka sanar da kafa ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo. Najeriya ta tsara shirin ƙasa na 2022 zuwa 2026 kan kawar da cutar haukan kare, cikin burin duniya na kawo ƙarshen mutuwar mutane da ita a 2030. Abin da ake nema daga MMC da Jere bai kai kuɗin kwalta kilomita guda ba: lambar waya ɗaya mai aiki, ƙaramar tawaga da aka horar kan kama dabba ba tare da duka ba, motar ɗauke mushe, rajistar karnuka kyauta a hannun Bulamomi, da asibiti sananne a kowane ɓangare na gari inda allurar bayan cizo ba ta yankewa.

Ƙwarewar ma ba baƙuwa ba ce. A Borno aka ga shan-inna na daji na ƙarshe a Najeriya a 2016, kuma ma'aikatan jihar ne suka bi gida-gida da akwatunan sanyi, da rakiyar masu unguwanni, har aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da shi a ranar 25 ga Agusta, 2020. Taswirar layukan tana nan, dabarar riƙe allura da sanyi tana nan, ga ɗaliban likitancin dabbobi da ke neman inda za su gwada hannu.

Sai dai a kula da abin da ya biyo baya a Injamena. Bayan watannin nan na sauƙi cutar haukan kare ta dawo, kuma gwajin ƙwayar ya nuna daga wajen birnin aka shigo da ita. Maiduguri ta fi fuskantar wannan hatsari. Tun da aka fara rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin gari a 2021 mutane ke kai da kawo tsakanin birni da garuruwansu da dabbobinsu, mafarauta na fita daji da karnuka su dawo, fatake kuma na tara karnuka daga ƙauyukan Arewa zuwa kasuwar Dawaki da ke Kanke a Filato. Gangamin da ya tsaya a iyakar MMC zai rushe cikin shekara guda. Dole Jere da Konduga da Mafa su shiga a mako ɗaya, a kafa wurin allura a Muna da Njimtilo da sauran mashigan gari, a kuma sa kuɗin zagaye na biyu da na uku a kasafi tun kafin a soma na farko.